Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Adana Kayan Tarihi Da Shugabannin Ƙananan Hukumomi Kan Tsofaffin Gine-ginen Garuruwan Manoma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku, na zaɓi in rubuto muku wannan wasiƙa a fili, inda kowa zai karanta, domin maganar ta shafi jama'a da yawa. Ni tsohon malamin gona ne. Aiki ya zaunar da ni a ƙananan garuruwa, irin waɗanda rayuwarsu gaba ɗaya take tafiya da shuka da girbi, kuma da yawun mutanen irin waɗannan garuruwa nake magana: manoma, da magina da tsufa ya cim musu ba su sami magada ba, da malaman makaranta da suke son nuna wa yara tarihin garinsu su rasa abin nunawa, da dattawan da suke kawar da kai in sun zo wucewa ta gefen wani kango saboda sun san abin da yake a da.

Kukanmu shi ne tsofaffin gine-gine da wuraren tarihi na ƙananan garuruwan manoma suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, alhali hankalin hukumomin da aka ɗora wa nauyin tsare irin wannan dukiya yana can kan manyan birane, da fadoji, da wuraren da 'yan yawon buɗe ido suka riga suka sani.

Bari in fayyace abin da nake nufi. Ina nufin tsohon siton gari inda ake tara amfanin gona kafin a loda shi, da rumfar awo da babban sikelinta na ƙarfe, da tashar jirgin ƙasa da jirgi ya daina tsayawa a cikinta, da rijiyar farko wadda saboda ita aka kafa gari a wurin, wadda igiyar guga ta ci bakinta har ta bar zane a dutse. Ina nufin ɗakin injin niƙa, da wurin ibada na farko, da azuzuwan da makarantar garin ta fara da su, da ragowar ganuwa da ƙofarta, da gadar da ta haɗa gari da gonakin fadama, har da tsohuwar bishiyar da aka saba yanke shawara a inuwarta. Yawancinsu ba su da adon da zai tsayar da matafiyi. Amma duk mai son sanin yadda gari ya rayu, yadda ya tsallake fari da yunwa, yadda amfanin gonarsa ya kai kasuwannin nesa, a jikin waɗannan gine-gine zai karanta.

Ƙorafinmu na farko shi ne ba a rubuta su a ko'ina ba. Ku duba rajistar wuraren tarihi da ke ofisoshinku, ku ƙirga nawa ne a ciki suka fito daga ƙaramin garin manoma. Abin da ba ya cikin rajista doka ba ta san da shi ba, abin da doka ba ta san da shi ba kuwa ɗan kwangila zai iya kawo katafila da safe ya baje shi kafin azahar, kuma babu laifin da za a ce ya yi. Haka muke rasa su, ba tare da shari'a ba, ba tare da ko hoto ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙa'idojin aikinku da kansu suna tare da mu. Yarjejeniyar Venis ta shekarar 1964, wadda masu adana gine-ginen tarihi a duniya suke kafa hujja da ita, tun a sashenta na farko ta bayyana cewa abin tarihi bai tsaya ga manyan ayyukan fasaha kaɗai ba, ya haɗa da ƙananan gine-gine na da waɗanda daɗewa ta ba su daraja, a birni suke ko a karkara. A 1999 ICOMOS, ƙungiyar masana adana gine-gine da wuraren tarihi ta duniya, ta ƙara fitar da wata yarjejeniya musamman a kan gine-ginen gargajiya na talakawa. Kuma an yi aiki da wannan fahimta a wurare da dama. A Kinderdijk ta ƙasar Holan akwai injinan iska 19 da aka gina wajajen 1740 domin kwashe ruwa daga ƙasa mai kwari, kayan aiki ne zalla, amma a 1997 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya. A Sukur ta jihar Adamawa, gonakin da aka jera da dutse hawa-hawa a jikin tsauni suna cikin abin da ya sa aka karɓi wurin a 1999.

Akwai kuma darasi mai ɗaci daga Kanada. A shekarun 1930 akwai dogayen rumbunan hatsi na katako sama da 5,000 a yankin noman alkama na ƙasar, kusan kowane ƙaramin gari da layin dogo ya ratsa yana da nasa, matafiyi yana hango su tun daga nesa da sunan garin a rubuce a jiki. Da aka rurrufe ƙananan layukan dogo, kamfanoni suka koma manyan rumbunan kankare, sai aka shiga rushe na katakon har aka bar 'yan ɗaruruwa. A ƙauyen Inglis na lardin Manitoba jama'a suka tashi tsaye a kan guda biyar da ke jere a bakin dogo, aka ayyana su wurin tarihi na ƙasa a 1996, yau ga su nan tsaye. Sauran garuruwan da ba a rubuta nasu ba, fili kawai ya rage. Ƙasa mai arziki ke nan, mai masana da kuɗi, ta yi wannan asara saboda an daɗe ana ganin rumbu bai kai a kira shi tarihi ba.

Ƙorafi na biyu shi ne wanda zan fi daɗewa a kai, domin shi ne yake kashe gine-gine da yawa, kuma shi ne mafi sauƙin magani. Ruwa ne yake rushe tsohon gini. Yana zuwa ta sama in rufi ya yi yoyo ko indararo ya toshe, yana zuwa ta ƙasa in ya kwanta a gindin bango. Indararo ɗaya da ganye da sheƙar tsuntsu suka toshe ya isa ya tara ruwa a kan soro, ruwan ya ratsa, ya jiƙa azara, gara ta samu abin da take so, bayan damina biyu ko uku rufi ya rufta. Da zarar rufi ya tafi, bangon ba ya daɗewa. Aikin da yaro ɗaya da tsani zai yi cikin rabin yini kafin ruwan farko, rashinsa ne yake jawo asarar ginin da ya shekara ɗari. Yarjejeniyar Venis ɗin nan ta faɗa a sarari cewa ginshiƙin adana gini shi ne kula da shi a kai a kai. Amma a kasafin kuɗin ƙananan hukumomi da wuya ka ga layi ɗaya na irin wannan kulawa. Ana jira sai gini ya faɗi, sannan a zo a yi jimami, ko a ba da kwangilar sabo.

Wani lokaci kuma gyaran ne yake kashe ginin. In an tashi nuna kulawa, sai a kawo siminti a shafe bangon ƙasa da shi, a bi da fenti. Bangon ƙasa yana shan laima daga ƙasa, yana kuma fitar da ita ta jikinsa in rana ta fito, haka yake zama a bushe shekara da shekaru. Siminti ba ya barin laima ta fita. Ga shi da tauri, zafi da sanyi ba sa motsa shi daidai da yadda suke motsa ƙasa, don haka dole ya tsattsage. Ruwan sama ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe ta yi laushi, alhali daga waje bango yana sheƙi kamar lafiyarsa ƙalau. Haka ma tsohon ginin dutse ko na jan bulo da aka ɗaure da farar ƙasa: in aka cike tsakaninsa da siminti, ruwa sai ya koma bi ta jikin bulon, gishiri ya taru, bulon ya rinƙa marmashewa.

Na ga wannan da idona a wani gari da na yi aiki. An yi wa tsohon siton manoma irin wannan gyara, kowa yana sa albarka. Wani dattijon magini ya ja ni gefe, ya kai ni bayan ginin, ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, sai muka ji yana amsawa kamar ganga, alamar simintin ya riga ya rabu da ƙasar. Ya durƙusa ya zura yatsa cikin wata tsaga a gindin bangon, ya zaro shi da ɗanyar laka, ana tsakiyar rani. Ya gaya mini ya faɗa wa masu aikin tun suna kwaɓa siminti, ba wanda ya saurare shi, saboda ba shi da takardar shaida. Ba a daɗe ba ɓangaren da ruwa yake duka ya zube, ya danne buhunan iri da aka ajiye domin shuka. Kuɗin jama'a aka kashe, ginin ya tafi, manoma kuma suka shiga neman iri a lokacin da ya kamata a ce yana ƙasa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa da hannunmu muka tsaga bangon.

Na uku, ayyukan raya ƙasa da ake yankewa a ofis ba tare da an taka ƙafa an ga wurin ba. Muna son titi, muna son magudanar ruwa, babu manomin da zai ƙi hanyar da za ta kai amfaninsa kasuwa. Amma in aka ɗaga titi ya fi daɓen tsofaffin gine-gine tsawo, ba a yi kwalbati ba, duk ruwan titin gindin bangonsu zai koma. In aka ja layin hanya a takarda ya bi ta tsakiyar ƙofar gari, alhali karkata shi da 'yan mitoci zai tsirar da ita, sai a rushe. Ana ɗibar ƙasar ganuwa a cike rami. Ana sare bishiyar da ta girmi kowa a gari domin wayar lantarki ta wuce. Ana mayar da tsohuwar rijiya juji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, da an tambayi mutanen gari tun farko, da an sami mafita mai arha.

Tambayar jama'a ma ba alfarma ba ce, sharaɗin nasarar aikin ne. A Jenne ta ƙasar Mali, a shekarar 2006, mutanen gari sun hangi wasu a kan rufin babban masallacinsu suna bincike domin shirin gyara, ba a fahimtar da jama'a abin da ake yi ba, sai tarzoma ta tashi. Niyyar masu aikin ta alheri ce, amma ginin na mutanen garin ne, kuma suna da haƙƙin a sanar da su kafin a taɓa.

Na huɗu, masu sanin aikin suna ƙarewa. Gini na gargajiya yana rayuwa ne muddin akwai hannun da ya iya gyara shi. Wanda ya san ƙasar da ta dace da tubali da wadda ta dace da yaɓe, ya san kwana nawa za a bar kwaɓi ya ruɓa kafin a shafa, ya san yadda ake jera azara ta ɗauki nauyin soro, wannan mutum ya fi kowane kundi daraja, kuma a garuruwa da yawa saura ɗaya ko biyu, 'ya'yansu sun koma ginin bulo saboda a nan aiki yake. Ba za a zarge su ba, kowa inda zai ci abinci yake nufa. Laifin yana kan tsarin da bai taɓa ɗaukar magini na gargajiya aiki ba ko da a ginin da kakansa ya gina.

Masallacin Jenne da na ambata, wanda ginin da ake gani yanzu na 1907 ne, shi ne ginin ƙasa mafi shahara a duniya, kuma abin da ya riƙe shi shi ne duk shekara garin yana fitowa ƙwai da kwarkwata a yi masa sabon yaɓe, magina suna jagora, matasa suna hawa kan itatuwan da aka bari a jikin bango domin wannan aiki. Duk da haka, a watan Nuwamba na 2009 ruwa mai yawa ya sauka cikin yini ɗaya, saman ɗaya daga cikin hasumiyoyinsa ya rufto. An sake gina shi saboda akwai maginan da suka iya. Ku yi tunanin ginin da ba shi da kowa. A ƙauyen Shirakawa na Japan, wanda UNESCO ta karɓa a 1995, manyan gidajen manoma masu jinkar ciyawa suna tsaye ne saboda maƙwabta suna taruwa su sauya wa gida jinka tare, yau naka gobe nawa. A Filifin kuwa, gonakin shinkafa na mutanen Ifugao da aka sassaƙa a jikin tsaunuka sun shiga jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari a 2001, cikin dalilai har da barin noma da matasa suka yi, aka bar katangun gonaki da hanyoyin ruwa ba gyara. Sai da aka koma wa manoman da kansu aka tallafa musu, sannan aka cire wurin daga jerin a 2012. Duk inda aka duba, abu ɗaya ake gani: wurin tarihi na manoma yana tsayawa ne da mutanen da suke aiki a cikinsa.

Na biyar, takardu da bakin dattawa. A wani tsohon ofishin ƙungiyar manoma na taɓa tarar da littattafan awo a jibge a lungu, gara ta ci rabi. Na buɗe ɗaya. Sunayen manoma ne a jere, kowa da adadin buhunan da ya kawo, da dangwalen babban yatsa da shuɗin tawada a gaban sunan wanda bai iya sa hannu ba. Shafukan wata shekara cike suke maƙil, na shekarar da ta biyo baya kuwa layi kaɗan ne, ba sai an gaya maka damina ta ƙi ba. Wani saurayi da ke tare da ni ya ga sunan kakansa, ya nemi a bar masa shafin. A cikin irin waɗannan littattafai akwai tarihin amfanin gona da na fari na shekaru masu yawa, abin da masu binciken noma da sauyin yanayi suke nema ruwa a jallo. Suna ruɓewa a ɗakunan da ke yoyo. Haka nan dattijon da ya san wanda ya haƙa rijiyar gari, da shekarar da jirgi ya fara tsayawa, da dalilin da ya sa aka toshe wata ƙofa, in ya rasu ba a naɗi muryarsa ba, ginin ko ya tsaya ya zama bango kawai.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce garin da ba shi da ruwan sha, asibitinsa ba magani, makarantarsa ba kujeru, ina shi ina tsohon sito? Ni ma na zauna a irin waɗannan garuruwa, na san abin da ake nufi da rashin magani cikin dare. Ba na neman a ɗauki kuɗin asibiti a kai kango. Abin da nake cewa shi ne akasarin abin da ake buƙata ƙarami ne: share indararo, toshe yoyo, kawar da ruwa daga gindin bango, rubuta suna a rajista, hana siminti. Sannan tsohon ginin da aka gyara yana rage wa hukuma kashe kuɗin sabo. Garuruwan nan suna neman ɗakin ajiyar iri, da wurin taron manoma, da ajin yaƙi da jahilci, da ɗakin karatu, da ofishin malamin gona. Ga gine-gine masu kaurin bango da sanyi a tsakiyar gari an kulle su jemagu suna kwana, ana kuma neman fili a bayan gari a gina sabo. Ginin da ake shiga kullum shi ne ake lura da yoyonsa tun yana ɗigo. Wanda aka garƙame da kwaɗo da sunan karewa, shi ne yake fara faɗuwa.

Akwai kuma haƙƙin masu gine-ginen. Da yawa daga cikin tsofaffin gidaje na iyalai ne da suke zaune a ciki. Bai dace a ce wa talaka gidanka tarihi ne, kada ka taɓa, sannan a juya baya a bar shi da yoyo da ɗawainiya ba. Wanda aka yi wa haka zai wayi gari yana addu'ar ginin ya faɗi ya huta. In za a ɗora wa mutum ƙa'ida, a haɗa masa da taimako, a kuma bar shi ya sa wuta da famfo da banɗaki yadda zai rayu kamar kowa.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon kowace ƙaramar hukuma ta buɗe rajistar gine-gine da wuraren tarihi na garuruwanta, ba sai an jira masana daga babban birni ba. Malamin makaranta ɗaya, da magini ɗaya, da dattijo ɗaya, da matashi mai wayar ɗaukar hoto sun isa su zagaya ƙaramin gari su rubuta sunan kowane wuri, da mai shi, da abin da aka sani na tarihinsa, da halin da yake ciki. A ajiye kwafi a garin, a aika wani ga hukumar adana kayan tarihi, ita kuma ta duba waɗanda suka cancanci kariyar dokar ƙasa ta ba su. A bar mutanen gari su faɗi abin da suke ganin ya cancanta, domin wurin da baƙo zai wuce bai kalla ba yana iya zama shi ne zuciyar garin.

Muna roƙon a kafa ƙa'ida cewa duk abin da ya shiga wannan rajista ba za a rushe shi ko a sauya masa kama ba sai an sanar da jama'a a rubuce, an ba da wa'adi, an zauna an saurare su. In rushewar ta zama dole, a auna ginin, a zana shi, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a cire ƙofofi da sikeli da duk abin da za a iya ajiyewa. Wannan ƙa'ida ta hau kan ma'aikatun ayyuka da 'yan kwangilarsu kafin kowa, kuma kowane zanen titi ko magudana ya nuna inda ruwa zai bi in ya zo kusa da tsohon gini.

Muna roƙon a ware wani abu a kasafin kowace shekara, komai ƙanƙantarsa, domin kulawa kafin damina, a kuma damƙa aikin ga kwamitin gari da zai ba da bayanin abin da ya kashe a bainar jama'a. Hukumar adana kayan tarihi ta fitar da takarda gajeriya, cikin harshen da mutane suke ji, mai bayyana abin da ake yi wa tsohon bango da abin da ba a yi masa, ta kai ta hannun injiniyoyin ƙananan hukumomi, a daina biyan kuɗin duk gyaran da aka shafa siminti a kan ƙasa.

Muna roƙon a nemo maginan gargajiya da suka rage, a rubuta sunayensu, a ba su aikin gyara da lada mai mutunci, kowane da matasa masu koyo a ƙarƙashinsa, a kuma ba waɗanda suka ƙware takardar shaida da za ta sa a saurare su a wurin aiki. Makarantun koyon sana'a su gayyace su su koyar. Wannan shi ne roƙon da ba ya jira, domin yawancinsu sun manyanta.

Muna roƙon kafin a amince da gina sabon ofishi ko ɗakin ajiya a ƙaramin gari, a fara tambaya ko akwai tsohon ginin da zai yi aikin in an gyara. A tattara tsofaffin littattafan awo da rajistar makarantu da taswirorin gonaki a ɗaki busasshe, a ɗauki hoton kowane shafi. A sa 'yan makaranta su zauna da kakanninsu su naɗi labarin wuraren nan, malamai su fita da su su gani da ido, a kafa ɗan allo a gaban kowane wuri mai ɗauke da sunansa da taƙaitaccen tarihinsa.

A namu ɓangaren, ba mu naɗe hannu muna jira ba. Manoma sun saba aikin gayya, za su kawo ƙasa da ruwa da ƙarfinsu in an kira su, dattawa a shirye suke su yi magana in an zo da abin naɗi, malamai za su riƙe rajista. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne doka, da tsayar da katafila, da sa hannu a kasafi, waɗannan kuwa a hannunku suke.

Roƙonmu na gaggawa shi ne kafin ruwan farko na damina mai zuwa ku turo jami'anku, kowace ƙaramar hukuma ta zaɓi ko da gari ɗaya, su zagaya tare da maginan garin, a fitar da sunayen gine-ginen da rufinsu ba zai kai kaka ba, a fara da su. Muna kuma roƙon ku ba da amsar wannan wasiƙa a fili kamar yadda aka rubuto ta, ku faɗi abin da za ku iya da lokacin da za ku fara.

Allah ya taimake ku a kan nauyin da ke wuyanku, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin gona, a madadin manoma, magina, malamai da dattawan ƙananan garuruwa.